Ranar da Na Goge Wasalin Baba Isiyaku

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta farkon damina ba, duk da Allah Ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na kai ɗan yatsa zan goge wani harafi a allo sai in tsaya in sake karantawa kamar mai shirin sa hannu a takardar kotu. Abokan aikina suna cewa tsufa ne ya fara kama ni. Na bar su a haka, don bayanin ya fi tsufan ciwo.

Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare a Funtuwa. Da safe ina shiga azuzuwan da ko sunayen yaran ba na gama riƙewa kafin zango ya ƙare, in fito da rana murya ta dushe, hannu fari fat da alli. A shekarar nan sai aka ɗora mini wani kaya a kan wanda nake ɗauke da shi: ajin yaƙi da jahilci na magidanta, a wani ƙauye da ke bayan Maska, Litinin da Laraba, daga sallame la'asar zuwa dab da magariba. Ban nema ba. A taron malamai aka tambayi wanda yake da babur, bakina ya riga hankalina amsawa. (Wanda ya san babur ɗin nan zai ce kara aka yi masa da aka lissafa shi cikin ababen hawa.)

Mun fara da rani, mutum talatin da 'yan kai, a wani ajin firamare mai bencinan yara, inda ƙato mai 'ya'ya tara zai zauna gwiwoyinsa su kusa taɓa haɓarsa. Kowa da abin da ya kawo shi. Wani yana so ya riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin robar maganin feshi, don bara da hannunsa ya ƙone waken suyarsa. Wani ya gaji da miƙa wa ɗansa waya ya karanta masa saƙon da bai kamata ɗa ya gani ba. Da yawa kuma dangwale ne ya ishe su, a shafa wa mutum tawada a babban yatsa a gaban jama'a. Sai ruwan farko ya sauka. Duk wanda ya san yankinmu ya san masara ba ta jiran kowa ya gama haɗa baƙi da wasali. Cikin mako uku muka koma mutum goma sha ɗaya.

Ofishin da ke kula da irin waɗannan azuzuwa kuwa yana da ƙa'ida: ajin da bai kai mutum goma ba rufe shi ake yi. Wato mutum biyu ne kawai tsakaninmu da kwaɗo a ƙofa. Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da ina bisa babur ina kauce wa ramuka nakan ce a raina, a rufe ɗin mana, ko na samu in riƙa miƙe ƙafa da yamma kamar sauran bayin Allah. Amma da na shiga na ga dattijo ya dunƙule fensir kamar ƙotar fartanya yana zufa a kan harafi ɗaya, sai kunyar tunanin nan ta kama ni. Ban so ajin ya mutu a hannuna ba.

Wanda ya riƙe ajin ma ba ni ba ne, Baba Isiyaku ne. Dattijo ne da ya haura sittin, siriri, mai gemu fari, yana da teburin shayi a mararrabar da 'yan acaba ke jiran fasinjan Funtuwa. Shi ke bi gida-gida bayan la'asar yana tattaro mutane, kuma rabin waɗanda suka rage don kunyar idonsa suke zuwa. Burinsa ɗaya ne, ya faɗa mini tun ranar farko. Yana da wani katako da ya ajiye a ƙarƙashin tebur da ragowar shuɗin fenti a gwangwani, so yake ya rubuta allon sana'arsa ya kafa a rumfa. Na ce ai abu mai sauƙi ne, in rubuta masa yanzu. Ya ce a'a, ba ya son hannun kowa a kai, da nasa yake so, ko da zai ɗauke shi shekara.

Abokin zamansa a benci shi ne Ayuba, manomi, Kirista, tare suka tashi tun suna yara, kuma ba sa minti biyar ba su tsokani juna ba. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. Na ji an ce Baba ya zauna Funtuwa da ƙuruciya yana aikin lodin auduga, to ni kuma ɗan gari, sai in riƙa jansa da hira, wace unguwa ya zauna, su wa ya sani. Kullum amsarsa ɗaya ce, an yi zamani. Nan take Ayuba zai yi tari ya jefo tambayar da ba ta da kai, sauran kuma kowa ya dubi littafinsa. Na ɗauka rashin son surutu ne irin na manya.

Yanzu bari in gabatar muku da ainihin mai laifi, wato ilimina. A kwaleji abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne ginin kalma. Kowace kalma tana da saiwa, sai a liƙa mata wani abu a gaba, shi ne ɗafa-goshi, ko a baya, shi ne ɗafa-ƙeya. Ka ɗauki noma, ka ɗafa mata ma a goshi, ka sauya ƙeyar da i, ka samu manomi. Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan ilimi yaran sakandare suna yi mini hamma a kai. Da na samu dattawa masu saurare sai na ga ranar da nake jira ta zo. Na ce musu ba sai sun haddace kalma dubu ba, su riƙe 'yan goshi da 'yan ƙeya kawai, sauran za su buɗe da kansu.

Maganar saiwa ta shige su, don manoma ne. Goshi da ƙeya ne suka ba su dariya. Ayuba ya ɗaga hannu ya ce tunda kalma tana da goshi tana da ƙeya, yana so a nuna masa hancin. Amma dabarar ta yi aiki, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Cikin 'yan makonni suna hango ma a farkon kalma sai su kama ta: makaranta, masallaci, mabuɗi, magirbi, masussuka. Kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni.

Gargaɗi ya zo, ni ne ban ji ba. Wata Litinin Ayuba ya ce, "Malam, to masara fa? In aka cire mata goshin, sara ke nan. Mi take sara?" Kafin in buɗe baki wani ya ce to Maska fa, wani ya ce Matazu, wani daga baya ya ce har Malumfashi ma goshi gare ta. Na gyara tsayuwa na ce za mu zo wurin nan gaba. (Duk malamin da ya ce muku za a zo wurin nan gaba, ku sani shi ma bai san hanyar ba.) Maimakon in koma gida in yi tunani, sai na ƙara ƙirƙiro wata gajerar hanya da babu ita a kowane littafi. Na lura mai ɗinki shi ne maɗinki, mai gini shi ne magini, mai rini shi ne marini. Ashe ke nan, in ji ni, ka goge ɗan wasalin i da ke jikin mai, ka haɗe kalmomin biyu, shi ke nan ka gama. Na ji kamar ni na gano rijiyar garin. Na ajiye dabarar a aljihu ina jiran ranar da za a yaba mini.

Ranar ta zo da wuri. Aka aiko cewa Laraba mai duba azuzuwa za ta zo, wata Hajiya Rakiya, tsohuwar malama da aka ce ba ta da yawan magana, ƙirga kawuna take yi ta rubuta abin da ta gani.

Larabar nan darasi shida na yi da safe, don wani abokin aiki matarsa ta haihu na riƙe masa nasa. Ban ci komai ba sai ruwan leda. Ina fita gari hadari ya haɗo, kafin in wuce Maska an yi ruwa an ɗauke, hanya ta zama kunu. Babur ya mutu sau biyu, na ƙarshen sai tura shi na yi, takalmina ɗaya ya maƙale a laka na koma na zaro shi da hannu. Na isa wando jiƙe da taɓo har gwiwa, idona yana ganin abu biyu-biyu don yunwa. Na tarar Hajiya har ta zauna a bayan aji a kujerar da aka aro daga gidan mai unguwa, tabarau a karan hanci, littafi a cinya, biro a hannu. Ɗalibaina goma sha ɗaya cif, kowa ya sha wanka. Baba Isiyaku har da farar riga ta zuwa Juma'a.

Na fara, kuma abin mamaki darasin ya tafi daidai. Suka karanta manomi, suka karanta maƙeri, suka nuna goshi suka nuna ƙeya. Na saci kallon Hajiya na ga biro yana motsi, har ta ɗan gyaɗa kai. Da ina da hankali da a nan na tsaya na sa su kwafi rubutu har magariba. Amma gyaɗa kan nan ya shige ni kamar an ba mayunwaci loma ɗaya. Na ce a raina yanzu za ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, na zaro dabarata.

Akwai tela a ajin, Sale. Na rubuta a allo, Sale mai ɗinki ne. Na sa ɗan yatsa na goge i, na ja layi na haɗe, Sale ya karanta, Sale maɗinki ne. Aka tafa. Akwai Haruna da ke gini da rani. Na rubuta, na goge, na haɗe, Haruna magini ne. Aka tafa. Hannuna ya kama hanya yana tafiya da kansa, kamar jakin da ya san gida. Idona ba ya kan allo, yana kan biron Hajiya. Sai na ce bari in rufe da babban ɗalibina, wanda ya fi kowa naci, in nuna mata dattijon da wata huɗu baya bai san ta inda ake riƙe littafi ba.

Na rubuta da manyan baƙaƙe, Baba Isiyaku mai shayi ne. Na goge i. Na ja layi na haɗe. Na juya ina murmushi na ce Baba ya taso ya karanta wa baƙuwarmu, kuma kada kowa ya raɗa masa.

Ya taso a hankali ya tsaya gaban allo, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko. Sunansa ya sani, ya wuce shi da sauri har yana ɗan murmushi. Sai ya zo kalma ta uku, ya rage murya yana haɗawa gaɓa-gaɓa yadda na koya masa.

"Ma… sha… yi… ne."

Ni kuwa, jama'a, sai na ce madalla. Na ce a tafa masa. Har na ɗaga hannu na ce kowa ya maimaita da ƙarfi, na ja musu baki, "Baba Isiyaku…"

Babu wanda ya amsa. Tafin ma ni kaɗai na yi, sau biyu, na ukun ya tsaya a iska. A cikin shirun nan ne kunnena ya isar wa ƙwaƙwalwata abin da aka karanta. Na juya na dubi allo. Ga shi nan da hannuna, da manyan baƙaƙe, a gaban baƙuwa daga ofis, a gaban ƙannensa da surukinsa: Baba Isiyaku mashayi ne.

Na so ƙasa ta tsage in shige da ni da taɓon wandona. Na kai hannu zan goge, tsumman ya faɗi, na sunkuya ɗauka kaina ya bugi allo. Na fara wani bayani da ni kaina ban san inda ya dosa ba, wai ai misali ne, wai ai kowace ƙa'ida tana da togaciya. Abin da ya fi tsorata ni shi ne babu wanda ya yi dariya. Mutanen nan da ke dariyar goshi da ƙeya har da hawaye, yau kowa ya sunkuyar da kai. Da sun yi dariya da na samu sauƙi.

Baba ya sauke yatsansa daga allo. Ya koma benci ya rufe littafinsa, ya sa fensir a tsakiya, ya gyara hula. Ya dubi Hajiya ya ce ta gafarce shi, ya bar ruwa a wuta. Kowa ya san ba ya hura wuta da yamma a ranakun karatu. Ya fita, mutum huɗu suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bi shi.

Da aka tashi Hajiya Rakiya ta kira ni gefe. Na shirya wa faɗa, sai ta yi mini abin da ya fi faɗa, ta yi mini darasi cikin sanyin murya. Ta ce ɗinki da gini ayyuka ne da ake yi, shi ya sa suke karɓar goshin nan. Shayi kuwa ba aiki ba ne, abu ne a kofi, kalmar ma baƙuwa ce, daga Larabci ta zo mana ɗungurungum, ba ta haɗa dangi da sha ba sai kama. Duk na san wannan, na ma taɓa cin jarrabawa a kai. Ta rufe littafinta ta ce za ta dawo ranar Laraba bayan mako biyu, kuma abin da ta ƙirga ranar shi za ta rubuta.

Ina fama da babur yana ƙin tashi sai ga Ayuba ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Malam, kai baƙo ne, shi ya sa." Sannan ya ba ni labarin da ajin ya yi wata huɗu yana kare ni daga gare shi. Zaman Baba a Funtuwa ba lodin auduga kaɗai ba ne. A can ya koyi sha, ya dawo gida da shi, ya yi shekaru ana ɗauko shi daga bakin hanya. Gonar gadonsa ta tafi a haka, matarsa ta fari ma haka. Sunan da na rubuta a allo, da shi yara suke binsa a lokacin. Rana ɗaya ya daina, ya samo buta da tebur, kuma garin ya yi masa kara irin wadda ba a yin shawara kafin a yi ta: babu wanda ya sake furta kalmar a inda yake. Matasan garin ma da yawa ba su sani ba. Ayuba ya ce shekara ashirin da bakwai ke nan, sai yau.

Ban san yadda na iso gida ba. Na ba uwargidana labari ina neman a tausaya mini, sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki tukuna, da na kai ƙarshen labarin kuma dariyar ta ɗauke. Ta ce in je in ba shi haƙuri, kuma a inda mutane ke gani, tunda a gaban mutane na yi. Na ce to. Ban je ba. Litinin na tafi aji ta wata hanyar da ba ta bi ta mararraba, na tarar da mutum huɗu. Laraba uku. Na koyar da su kamar mai yi wa gawa wanka, ba goshi ba ƙeya. Na fara lallashin kaina cewa dama ajin nan mutuwa zai yi, damina ce, ba laifin kowa ba ne. Ƙarya nake yi, kuma na sani, don abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Ranar Asabar da hantsi na kasa jurewa, na hau babur na nufi mararraba. Na so in tarar ba kowa, na tarar da 'yan acaba biyar a benci da Ayuba a gefe yana tsoma burodi. Na yi sallama na durƙusa har ƙasa na gaishe da Baba. Ya amsa kamar ba abin da ya faru, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya. Ya ɗauko kofi biyu ya shiga juya shayi daga wannan zuwa wancan, ya miƙo mini da rabin burodi. Na ce ba shayi ya kawo ni ba. Ya ce ya sani, in sha tukuna, ya lura ranar nan ma yunwa ce ta fi yawa a cikin ilimina.

Na sha. Sannan na ce masa na yi kuskure, ban sani ba, kuma ko da ban sani ba bai kamata in yi wasa da sunan babba don in burge baƙuwa ba. Na ce ya yafe mini. 'Yan acaba suka daina tauna.

Ya daɗe yana goge tebur da tsumma kafin ya yi magana.

"Malam, ba kalmar ta ci mani rai ba. An kira ni da ita, kuma lokacin gaskiya aka faɗa. Ka san mi ya ci mani rai? Tun da aka haife ni ban taɓa karanta magana sukutum da kaina ba, babu mai raɗa mani, sai rannan. Ina cikin haɗawa ina jin daɗi, wallahi daɗi nake ji. Sai da na kai ƙarshe na ji abin da na karanta."

Na dubi kofin da ke hannuna.

Ya ce, "Shin mi ka goge ne? Na ga ka sa yatsa."

Na ce wasali ne, i.

"Ɗan tsayayyen nan mai ɗigo a ka?"

Na ce shi. Da kuma 'yar tazarar da ke tsakanin kalmomin, na haɗe su.

Ya jinjina kai. "Ɗan abin nan. Shekara ashirin da bakwai ina hura wutar nan kafin garin nan ya yarda ya sa mani shi. Kai kuma da yatsa ɗaya."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Idona ya cika, na sunkuyar da kai ina kallon lakar da ta bushe a takalmina. Sai na ji yana jan wani abu daga ƙarƙashin tebur. Katakon nan ne, da gwangwanin shuɗin fenti, da wani tsinke da ya daddaƙe bakinsa ya zama burushi. Ya ɗora a benci ya ce tunda na iya cirewa, sai in nuna masa yadda ake mayarwa, amma kada hannuna ya taɓa katakon.

Haka muka yi. Ni ina zanawa a ƙasa da kara, shi yana kwafa a katako, Ayuba yana gefe yana cewa harafin m ɗin Baba ya yi kama da raƙumi a durƙushe. Mun kai azahar a kan kalma biyu, mai shayi. Da ya zo kan i sai ya tsaya ya sake tsoma tsinken, ya ja shi da kauri ya fi duk sauran, ya ɗiga masa ɗigo kamar ƙwallon goriba. Sannan ya matsa can nesa, kusan ƙarshen katakon, kafin ya fara shayi, har sai da haruffan ƙarshe suka matsu suka hau kan juna.

Laraba Hajiya Rakiya ta dawo ta ƙirga mutum goma sha biyu. Cikon na goma sha biyun wani ɗan acaba ne da ya ce ya zo ya ga malamin da ke sauya wa mutane hali da yatsa. Ta rubuta abin da ta gani ta tafi, ba a rufe ajin ba. Ni dai tun daga ranar sunana a ƙauyen ya koma Malam Ɗafa-goshi, har matan da ban taɓa gani ba da shi suke aiko mini da gaisuwa.

Har yanzu ina koyar da saiwa da goshi da ƙeya, don gajiya ba ta sa mutum ya sauya sana'a, kuma dabarar tana da amfani in an bi ta da hankali. Abin da na ƙara a kai shi ne, kafin in taɓa kalma sai na karanta ta da ƙarfi a raina, sannan in dubi wanda za ta faɗa a kansa. Kuma ba na sake shiga aji da yunwa in akwai baƙo.

Allon yana nan a mararraba, fentin ya fara koɗewa. Kwanaki na tsaya shan shayi na kasa haƙuri, na ce Baba, tazarar nan fa ta yi yawa, tsakanin mai da shayi babur zai iya wucewa. Ya miƙo mini kofi bai ko ɗaga kai ba, ya ce da gangan ya bar ta haka, saboda malamai.